Debian sid a kan kwamfutar aiki: ana iya dogara da shi?

Shekaru ke nan Debian sid ne a kan laftof ɗin da nake aiki da ita kullum. A kanta nake rubuta manhaja, in shirya takardu, in shiga taro ta bidiyo. Duk wanda ya ji haka tambayarsa ba ta wuce ɗaya: ba ya lalace maka? A taƙaice, sid ba ya lalacewa yana zaune. In kwamfutar ta yi aiki yau, gobe ma za ta yi, jibi ma haka, muddin ba ka taɓa komai ba. Kusan duk haɗarinsa ya taru a wuri guda, a 'yan mintunan da kake sabunta shi, lokacin da apt, manhajar da ke girkawa da sabunta kayan Debian, ya jero maka abin da yake shirin yi, ya tsaya yana jiran ka danna Y don amincewa. Mai karanta wannan jeri zai daɗe yana jin daɗin sid. Mai danna Y ido rufe kuwa, ranarsa na nan tafe.

Ga wanda bai san tsarin ba, Debian babbar manhaja ce ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta, wani nau'in Linux, da Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban ke tafiyar da ita. Rassa uku ne mutane suka fi hawa. Akwai stable, wanda ake fitarwa kusan duk bayan shekara biyu: Debian 12 ta fito a Yunin 2023, Debian 13 mai laƙabin trixie ta fito ranar 9 ga Agustan 2025. Da zarar an fitar da shi, an rufe ƙofa ke nan, ba a ƙara masa komai sai gyaran tsaro da na manyan matsaloli. Akwai testing, wanda shi ne zai zama stable na gaba. Sai unstable, wanda aka fi sani da sid, inda masu kula da fakitoci, wato ƙunshin manhajojin da ake girkawa, ke fara zuba duk sabon abin da suka haɗa. Sau huɗu a rana ake sabunta rumbun fakitocin. Fakiti zai zauna a sid na 'yan kwanaki, daga 2 zuwa 10 gwargwadon gaggawarsa, yawanci 5, kafin wata manhaja mai suna britney ta duba shi. In ya ginu a kan ire-iren injunan da Debian ke tallafawa, ba a kai ƙarar wata sabuwar babbar matsala a kansa ba, kuma shigarsa ba za ta karya wani abu ba, sai ta wuce da shi testing. Wato mu da ke kan sid mu ne matatar da ke tace kayan. Abin da ya makale mana ba ya isa ga na gaba.

Sau da yawa ana mantawa da wani abu: kafin manhaja ta shigo sid, yawanci masu ita na asali sun riga sun fitar da ita a matsayin gamammiya. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke magana da kayan injin, wanda ke sid ba na gwaji ba ne, wanda aka riga aka saki ne. Haka GNOME, fuskar aikin da kake gani a allo, haka LibreOffice na rubuta takardu. Abin da yake ɗanye sosai yana da nasa wurin, rumbun experimental, kuma ba ya shigo maka sai ka kira shi da suna. Abin da ba a gwada ba a sid shi ne haɗuwar kayan: wannan sabon laburare, wato guntun manhaja da wasu manhajoji ke dogara a kansa, tare da waccan tsohuwar manhaja, a kan irin injinka. Can matsala take fitowa in za ta fito. Ubuntu ma, wani sanannen tsarin Linux, daga sid take kwasar mafi yawan fakitocinta a farkon kowane zangon aikinta, don haka idanun da ke kan sid sun fi yadda ake zato yawa.

A ranakun da babu labari, waɗanda su ne mafi yawa, ba ka ma tunawa da reshen da kake kai. Allo na tashi, sauti na fita, firinta na bugawa, murfin laftof in an rufe ta yi barci, in an buɗe ta farka. Abin da ya kawo ni tun farko kayan injin ne. Laftof ɗin sabuwa ce a lokacin, kuma kanel ɗin da ke stable ya girmi katin wayales ɗinta. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka lissafin yake: Debian 12 ta fito da kanel 6.1 kuma a kan zuriyarsa ta zauna, Debian 13 ta zo da 6.12, alhali kamfanoni ba su daina ƙera sababbin injuna a tsakani ba. A sid sabon kanel da sabon Mesa, direbobin katin hoto, na zuwa ba da daɗewa ba bayan fitarsu. Akwai kuma ƙaramin abu da nake so: fakitin burauzar firefox na yau da kullum a sid kaɗai yake zama, stable da testing firefox-esr suke da shi, mai tafiyar hawainiya.

Yanzu ga inda aikin yake. Umarni biyu ne na sabuntawa, kuma bambancinsu shi ne rabin ilimin zama a sid. Na farko, apt upgrade, yana ɗaga abin da ke akwai, yana iya ƙaro sabon fakiti in an buƙata, amma ba ya cire komai. In ɗaga wani abu zai tilasta a cire wani, sai ya bar shi, ya ce maka ya riƙe. Na biyu, apt full-upgrade, an ba shi izinin cirewa. A stable ba kasafai wannan izini ke nufin komai ba. A sid kuwa yana iya nufin rabin fuskar aikinka. Dalili shi ne idan wani laburare da manhajoji da yawa suka dogara a kansa ya canza ta yadda dole a sake gina su duka, ba a rana ɗaya ake gamawa ba. Injunan gini na Debian suna bin su ɗaya bayan ɗaya, wasu su ginu, wasu su ƙi sai mai kula da su ya sa hannu. A tsakiyar wannan ƙaura rumbun ba daidai yake ba: sabon laburare ya iso, amma rabin masu dogara da shi har yanzu tsohon suke nema. Apt ba shi da wayo irin na mutum. Shi dai ya ga hanyar da lissafi zai daidaita, ko da hanyar ita ce a share GNOME gaba ɗaya. Zai faɗa maka gaskiya, ba ya ɓoyewa, jerin na nan a gabanka. Tun apt 3.0 na 2025 ma abin da za a cire da jan launi yake fitowa, a ƙasa kusa da inda idonka yake, kuma wannan ɗan canji ya fi mini amfani fiye da sababbin abubuwa da dama da aka yi ta yayatawa.

Maganin wannan yanayi ba wata dabara ba ce. Ka danna N, ka yi upgrade kawai, ka tafi harkarka. Bayan kwana biyu ko uku ka dawo, yawanci ƙurar ta lafa. Zama a sid kamar zama ne a gidan da magina ba su tashi ba: ɗakunan na da kyau, rufi ba ya yoyo, amma kafin ka taka matakala da safe sai ka duba ko jiya an cire ta don a sa sabuwa.

Babbar jarrabawar da na gani ta wannan fuska ita ce ƙaurar lokaci ta 2024. Tsarin Unix yana ƙirga lokaci ne da daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970, kuma a injuna masu bit 32 ma'ajin wannan ƙirga zai cika ranar 19 ga Janairun 2038. Debian ta yanke shawarar faɗaɗa shi zuwa bit 64 a kan injunan ARM masu bit 32 tun kafin ranar ta matso. Yin haka ya sa dole a sake wa ɗaruruwan laburarori suna, aka liƙa musu t64 a ƙarshe: libssl3 ya koma libssl3t64, libcurl4 ya koma libcurl4t64, haka dai har ƙasa. Aikin ya fara shiga sid a ƙarshen Fabrairun 2024 kuma ya ɗauki makonni. Injina mai bit 64 ne, matsalar 2038 ba ta shafe shi ba, amma canjin suna ya shafi kowa. A waɗannan makonni jerin abin da aka riƙe ya yi ta tsawo, kuma full-upgrade kan zo da tayin da ba mai hankalin da zai karɓa. Abin lura shi ne kwamfutar ba ta daina aiki ko sau ɗaya ba. Tsofaffin laburarorin na nan, manhajojin na tashi. Na yi ta ɗaga abin da zai ɗagu ƙungiya-ƙungiya, ina duba cewa duk abin da za a cire akwai ɗan'uwansa mai t64 da zai maye gurbinsa. Aiki ne mai gundura, amma ba mai ban tsoro ba. Waɗanda suka sha wahala su ne waɗanda suka mayar da sabuntawa al'adar safe da ake yi ba tare da kallon allo ba.

Saboda haka ne kayan aiki biyu suka zama wajibi a wurina. Na farko apt-listbugs. Kafin a girka komai, yana leƙa rajistar matsalolin Debian ya gaya maka ko an kai ƙarar wata babbar matsala a kan fakitin da kake shirin ɗagawa, sannan ya ba ka damar ƙulle shi a inda yake. Yana da iyaka, a bayyane take: sai wani ya riga ka faɗawa ramin ya kai rahoto kafin ya gargaɗe ka. Shi ya sa ba na gaggawar sabuntawa da zarar abu ya sauka. Jinkirin yini ɗaya kan sa wani ya riga ka gani. Na biyu apt-listchanges, mai nuna maka sanarwar da mai kula da fakiti ya rubuta idan ya canza wani abu da gangan.

Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, domin ba duk abin da ke ba ka mamaki a sid ne tangarɗa ba. Wani lokaci shawara ce aka yanke, kai ne kawai na farko da ta iso wa. A Mayun 2024 an raba fakitin KeePassXC, manhajar ajiye kalmomin sirri, aka cire wa na asalin abubuwan da ke hulɗa da intanet da burauza, aka mayar da su wani fakiti mai suna keepassxc-full. An yi ta cece-kuce a kai. Ga mai amfani dai abin da ya gani shi ne jiya burauzarsa na cike masa kalmar sirri, yau ta daina, kuma ba abin da ya lalace. Haka batun /tmp, wanda aka mayar da shi cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta injin a kan hanyar zuwa Debian 13. Mutumin stable zai tarar da irin waɗannan a tattare cikin takardar bayanin sabon fitarwa, ya karanta a natse sau ɗaya a shekara biyu. Mutumin sid kuwa yana karɓarsu ɗaiɗai, a kowace ranar da suka ga dama.

Ga mai rubuta manhaja akwai wani ciwon kai na daban. Python, yaren rubuta manhaja da ke cikin tsarin, yana tafiya: Debian 12 na da 3.11, Debian 13 na da 3.13, kuma a sid an bi ta kan 3.12 a tsakani. Duk keɓaɓɓen muhallin aiki da ka gina a kan tsohon, ranar da aka kwashe shi daga rumbu, sai ka sake gini. Haka sabon GCC, mai fassara rubutun manhaja zuwa abin da inji ke ganewa, kan ƙi karɓar tsohon rubutun da na baya ke kau da kai a kansa. Ni wannan riba ce a wurina, don ina ganin abin da zai karye a aikina tun kafin ya isa wurin masu amfani da shi. Amma duk aikin da ke da wa'adi, a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen tsari a cikin injin, nake yin sa, a kan stable, inda ƙasa ba ta motsi.

Sai batun tsaro, kuma a nan ba zan yi wa sid kwalliya ba. Ƙungiyar tsaro ta Debian stable take kula da shi. A sid alhakin toshe ɓaraka na kan mai kula da kowane fakiti. A aikace gyara kan zo da wuri, domin sabon fitarwa daga masu manhajar na asali yakan zo da gyaran a ciki, kuma sid ne ke fara karɓa. Amma babu wanda ya yi maka alkawari. In mai kula da fakitin ya yi tafiya ko aiki ya sha masa kai, sai a jira shi ko wani ya taimaka.

Abin da ya faru da xz ya nuna ɗaya fuskar. Ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar ajiye bayanai ta PostgreSQL, ya sanar cewa ya gano ɓarauniyar ƙofa a cikin xz 5.6.0 da 5.6.1, manhajar matse fayil da kusan kowane tsarin Linux ke ɗauke da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya shafe shekaru yana taimaka wa aikin har aka amince da shi, sannan ya dasa ta. An tsara ta ne don ta ba mai riƙe da wani makulli damar shiga injin ta hanyar SSH, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa. Lambarta CVE-2024-3094. Ta shiga sid da testing, ta shiga Fedora Rawhide da openSUSE Tumbleweed, wasu tsarukan Linux masu bin sabo, ba ta taɓa Debian stable ba. Kimanin wata guda ta yi a injunan masu bin sabo kafin a gane. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da zan iya ba wanda ke son guje wa sid, kuma ba ni da amsar da za ta rushe ta. Abin da zan ƙara kawai shi ne yadda aka kama ta: Freund a kan Debian sid yake gwaje-gwajensa, ya lura SSH na cin ƙarfin injin fiye da ƙima kuma shiga na ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kau da kai. Da babu masu zama a wannan reshe suna aiki na gaske a kai, da ƙofar ta bi layi har ta isa inda sabobin duniya suke, wato kwamfutocin da ke ɗauke da ayyukan intanet. Debian ta mayar da tsohon xz nan take, da wani suna mai ban dariya, 5.6.1+really5.4.5, domin apt ba ya yarda ya koma ƙaramar lamba da kansa, sai an yaudare shi da babba.

Kada kuma a ɗauka matatar ba ta taɓa yoyo ba. A 2006 wani gyara da aka yi wa OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, a Debian ya raunana yadda ake samar da makullan sirri. Ya shiga sid, ya wuce testing, ya shiga stable na 2007, ba a gano ba sai a Mayun 2008 lokacin da Luciano Bello ya tono shi. Masu zama a sid suna kama abin da ke ihu, manhajar da ta ƙi tashi ko allon da ya yi baƙi. Abin da ke ɓarna shiru yana iya wuce mu duka.

Mutane da yawa kan ce to ai testing ne tsaka-tsaki, sabo ne amma an tace. Na zauna a kansa kafin in koma sid, kuma ra'ayina ya bambanta da na mafi yawa. Gaskiya ne manyan matsaloli ba su cika isa testing ba. Amma in ɗaya ta kutsa, gyaranta ma sai ya bi layin nan na kwanaki, kuma in ya haɗu da wata ƙaura da ta toshe hanya, sai ya yi makonni. Gyaran tsaro ma haka. Sannan testing na iya wayar gari ya rasa fakiti ɗungurungum, don ana cire wanda ke da babbar matsalar da ba a gyara ba. A sid abu kan lalace da sauri ya gyaru da sauri, sau da yawa kafin gari ya waye a wani ɓangaren duniya. Ni na fi son ciwon yini ɗaya a kan na mako uku. Wani zai zaɓi akasin haka, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba.

Wanda ya zo sid don ya riƙa samun komai a ranar da ya fito zai ɗan ji kunya. Sid ba a gina shi don ya burge mai amfani ba, an gina shi ne don a haɗa stable na gaba, kuma saurinsa saurin 'yan sa-kai ne. KDE Plasma 6, wata fuskar aiki irin GNOME, ya fito a Fabrairun 2024, amma ya ɗau watanni da yawa kafin ya sauka a sid, alhali masu tsarin Linux na Arch da Tumbleweed sun daɗe da shi. Sannan ga lokacin daskarewa. Kafin kowane sabon stable ana dakatar da manyan canje-canje mataki-mataki. Na Debian 13 ya fara ranar 15 ga Maris 2025, aka yi ta ƙara matsewa har ranar fitarwa a Agusta. A waɗannan watanni sid kan yi tsit, sababbin abubuwa su koma experimental su jira. Shi ne lokacin da ya fi kowane lafiya, kuma ya fi kowane gundura. Da an fitar da stable kuwa sai a buɗe madatsa: duk abin da aka tara wata da watanni ya kwararo cikin 'yan makonni. Wannan ne zangon da nake rage yawan sabuntawa, in ƙara yawan karatu.

Sau nawa ne abin ya kai ga kwamfutar ta ƙi ba ni allo? Kaɗan ne ƙwarai, kuma kusan duk daga tushe ɗaya: direban da ba ya cikin kanel. A wata tsohuwar kwamfutar tebur ina da katin hoto na wani kamfani da direbansa rufaffe ne, sai an sake gina masa mahaɗi da wata manhaja mai suna DKMS duk lokacin da kanel ya canza. Sabon kanel ya zo, direban bai san shi ba, ginin ya faɗi, aka tashi babu hoto. Gyaran bai ɗau minti biyar ba, domin Debian ba ta share tsohon kanel idan ta girka sabo. Ka sake kunnawa, ka shiga zaɓuɓɓukan GRUB, jerin da ke fitowa kafin tsarin ya tashi, ka ɗauki na jiya, ka ci gaba da aiki har direban ya kamo. Amma darasin ya zauna: in injinka ya dogara da irin wannan direba, ko da wani abu makamancinsa da ake ginawa a wajen kanel, amincin sid a wurinka ya ragu sosai. Laftof ɗina ta yanzu duk direbobinta buɗaɗɗu ne, kuma tun da na koma kanta wannan babi ya rufe.

Hanyoyin komawa baya suna nan, sai dai ka san su tun kafin ka buƙace su. Fayil ɗin /var/log/apt/history.log na rubuta duk abin da aka ɗaga da lambarsa ta da da ta yanzu, shi nake fara buɗewa in wani abu ya canza hali. Tsohon fakitin kana iya samunsa a snapshot.debian.org, rumbun da ke ajiye da abin da ya ratsa Debian tun 2005. Ka sauko da shi, ka girka, ka ƙulle shi da apt-mark hold har gyara ya zo, kuma ka tuna ka buɗe shi daga baya, don fakitin da aka manta a ƙulle shi ke haifar da rikicin wata uku masu zuwa. Na kuma tsara faifaina da Btrfs, wani tsarin ajiye fayiloli, ina ɗaukar hoton tsarin, wato kwafinsa da zan iya komawa gare shi, kafin kowace babbar sabuntawa. Ba kasafai nake komawa gare shi ba, amma saninsa a wurin na sa hannuna ya daina rawa. Abin da babu shi shi ne hanyar mayar da tsarin gaba ɗaya daga sid zuwa stable. Debian ba ta tallafa wa wannan ba. In ka gaji, sai dai ka kwashe fayilolinka ka sake girki daga farko.

Akwai kuma kuɗin da ake biya da lokaci da layin intanet. Sabuntawa a sid ba ta ƙarewa, kuma manyan fakitoci irin su kanel, burauza da LibreOffice kan dawo akai-akai. In ka bar shi wata biyu ba ka taɓa ba, zai ɗagu, amma jerin zai yi tsawon da karanta shi ke zama aiki, kuma karatun nan shi ne dukan kariyarka. Sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe ni. Ba na sabuntawa a daren da gobensa nake da abin gabatarwa, ba na yi in ina kan hanya, kuma ban taɓa barin sabuntawa ta atomatik ta yi aiki a kansa ba.

To wa zan ba shawarar ya hau? Mai rubuta manhaja da ke son ganin gobe tun yau. Mai sabon injin da stable bai gane shi ba, ko da yake shi ya fara gwada backports, inda ake kawo sabon kanel zuwa stable, don sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. Da wanda ke son ya taimaka wa Debian, domin rahoto ɗaya mai kyau da aka aika ta reportbug, manhajar kai ƙarar matsala, na iya tare matsala kafin ta wuce testing. Sharaɗin duka ɗaya ne: in allo ya ƙi tashi, kana iya shiga tagar umarni ka karanta abin da ya faru ba tare da zuciyarka ta tsinke ba. Saba kuwa, ko kwamfutar da ka girka wa wani ka tafi ka bar shi da ita, ko injin da ke karɓar SSH daga ko'ina a intanet, stable ne wurinsu, mai tallafin shekara biyar in an haɗa da zangon ƙarin tallafi da ake kira LTS. Nawa sabobin duk a kansa suke.

In ka yanke shawarar gwadawa, ka sani sid ba shi da faifan girki irin na stable. Hanyar da aka saba ita ce ka girka stable ko testing da ƙaramin tsari, ka canza sunan reshe a fayilolin tushen apt zuwa unstable, ka cire layukan security da updates tunda sid ba shi da su, sannan ka ɗaga. Ka sa apt-listbugs da apt-listchanges kafin wannan ɗagawar ta farko, ba bayanta ba. Ka fara a injin gwaji ko a wani ɓangare na faifai na wata ɗaya ko biyu, har sai ka ratsa ƙaura guda da idonka ka ga yadda jerin cirewa ke kumbura ya sace. Kuma ka duba kalanda: makonnin farko bayan fitowar sabon stable ba lokacin shigar baƙo ba ne.